Godiya daga Harbin: yatsun sun tsira

Assalamu alaikum jama'a.

Alhamdulillahi, Alhamdulillahi. Likita ya ce ba za a yanke ba. Yatsun nan biyu da sanyi ya daskarar suna nan a hannuna. Farce ɗaya ya tafi, bakin ƙaramin har yanzu ba ya jin taɓi sosai, amma suna nan. Da hagu nake wannan rubutu, shi ya sa saƙonni suka taru ban amsa ba, a yi mini uzuri. Ba zan maimaita labari ba, kun bi shi tun daren da abokina Ɗan Zango ya sa hoton nan da na so a ce bai sa ba, har zuwa zaryar asibiti. Gajiya ce a jikina wadda barci ba ya sauke ta. Abin da ya rage a wuyana bashin godiya ne, gara in fara biya tun ina tuna fuskoki.

Zan fara da mutumin da ba zai taɓa karanta wannan ba, dattijon da ke kula da rumfar ruwan zafi a gefen filin gasar sassaƙa dusar ƙanƙara da muka shiga a nan Harbin, arewa maso gabashin ƙasar Sin.

Daren ƙarshe ne, sanyi ya zarce digiri 25 ƙasa da sifiri. Gefen tarun kamun kifin da muka sassaƙa ya tsage, muna ta kwaɓa dusar ƙanƙara da ɗan ruwa muna liƙewa, sanyi na daskarar da ita nan take. A haka safar hannuna ta jiƙe. Mugun abu da sanyin garin nan shi ne, in ya gama cizonka sai ya daina zafi, ka ɗauka ka samu sauƙi. Sai da na shiga rumfar in sha ruwan zafi, na kasa riƙe kofi, na zare safar da haƙori, na ga yatsu biyu sun yi fari fat, sun sandare kamar kyandir. Na ƙwanƙwasa su a jikin tebur, na ji ƙara da kunnena, hannuna bai ji komai ba. Innalillahi kaɗai nake iya faɗa.

Wani saurayi ya ruga waje ya ɗebo dusar ƙanƙara zai murza mini, don haka tsofaffin dabaru suke a nan. Dattijon nan ya ture hannunsa. Ya kwance maɓallan babbar rigar sanyinsa, irin koriyar nan ta sojoji da tsofaffin Harbin ke sawa, ya ɗage rigar saƙa, ya ɗage ta ciki, ya kama hannuna ya cusa a hammatarsa, fata da fata, ya matse. Na ji jikinsa ya girgiza gaba ɗaya. Mutum ne da ya girmi mahaifina, ƙofar rumfar a buɗe, iska na shigowa tana dukan cikinsa, amma bai sake ni ba. Yana ta magana da Sinancin mutanen arewa maso gabas, mai nauyi a harshe, wanda ɗan abin da na koya a aji bai kai ni gane shi ba. Warin taba da tafarnuwa yake yi, kuma wallahi ban taɓa samun natsuwa a jikin wani ba irin ta wannan lokaci tun ina yaro. Da ɗaya hannun yake nuna wa saurayin yadda zai surka ruwa a roba, aka kawo ya tsoma gwiwar hannunsa ya ce a ƙara na sanyi, aka sake kawowa ya gwada, sannan ya yarda na tsoma. Daga baya likita ya gaya mana ruwan da ake so bai wuce digiri 37 zuwa 39 ba, kuma murzawa da dusar ƙanƙara yaga naman ciki take yi. Tsohon nan bai riƙe ma'auni ba.

Da jini ya fara dawowa na yi ihun da ban san ina da shi ba. Ya dafa ƙeyata ya kifa kaina a kafaɗarsa, don kada yaran da ke wurin su ga fuskata. Wannan suturar ita ta fi tsaya mini a rai.

Na aika Ɗan Zango ya neme shi da ɗan abin hasafi, ya tarar an kwashe rumfar, an ce aikin kwana kaɗan aka ɗauke shi. Baba, duk inda kake, Allah Ya saka maka, Ya raba ka da sanyin tsufa, Ya ba ka mai riƙe ka ranar da za ka buƙaci riƙo, Ya shirye ka zuwa ga abin da Ya fi so.

Sauran kun sani. Bororo, da layin da likita ya ja da biro a kan yatsa ya ce a jira a ga inda baƙin zai tsaya, don irin wannan rauni ba a gaggawar yanke masa hukunci, sai an yi makonni. Kullum da asuba kafin alwala layin nake fara dubawa. Baƙin bai haura ba.

Yanzu ga masu tambaya, wasu da tausayi wasu da gatse, me ya kai Bahaushe sassaƙa ƙanƙara. Na ga har an rubuta cewa an tura yaro karatu ya ɓuge da wasan ƙasa. To ko da wasan yara ne, ai bikin Sapporo na Japan ɗaliban sakandare ne suka fara shi a 1950 da siffofi shida a filin Odori, yau ga shi mutane wajen miliyan biyu ke zuwa kallo, kuma tun 1974 ƙasashe ke tura gwanayensu gasa a can. Tamu ta ɗaliban jami'o'i ce, wadda Jami'ar Injiniya ta Harbin ke shiryawa tun 2009. Ana ba kowace ƙungiya dunƙulen dusar ƙanƙara da ya haura mita 3 tsayi, wadda aka danne a cikin akwatin katako har ta yi tauri, sai ku hau da tsani da shebur da zarto da magagari ku fitar da abin da ke ranku. Ban da ɗan liƙin gyara, ba a ƙari, ragewa ake yi. Abin da ka sare ya saru.

Mu jirgin kamun kifi muka sassaƙa, kwale-kwale zaune a kan busasshiyar ƙasa mai tsattsagewa, taru na rataye a gefensa, babu kowa a ciki. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, fataucin banda ya yi daga Baga, kuma tun ina ƙarami nake jin shi yana nuna wuri yana cewa nan da ruwa ne. Tafkin Chadi da ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 25,000 a shekarun 1960 ya janye ya bar garuruwan bakin ruwa a tudu. Da na ba abokan aikina wannan labari, shugabarmu, 'yar Sin ce mai karatun zanen gine-gine, ta yi shiru, sannan ta ce to ai mu da ruwa za mu gina jirgin da ya rasa ruwa, kuma in bazara ta zo shi da ƙasar da yake kai duk za su narke su bi rariya. Daga nan ba mu sake neman wata shawara ba.

Maganar babu kowa a ciki kuwa, ni na roƙa. Na gaya musu tun farko ba zan sassaƙa fuskar mai rai ba, abokin aikinmu Ɗan Lahore ya goya mini baya, ita kuma ba ta ja ba. Ta ce jirgin da babu mai shi ya fi jirgi da masunci faɗin abin da muke nufi, kuma ta yi gaskiya. Don haka masu turo mini wa'azi a kan gumaka alhali ina kwance, na gode da nasiha, amma da an buɗe hoton kafin a rubuta.

A ganina nan ne gasar take, ba a gwanintar hannu kaɗai ba. Za ka ga aiki sumul, kowane gashi an fitar, ka wuce ba ka tuna shi. Ka ga wani mai ɗan kaushi ya tsayar da kai. 'Yan Tailan, ƙasar da dusar ƙanƙara ba ta sauka, sun fi kowa gane wannan. A Sapporo sun ɗauki na ɗaya shekara uku a jere, 2018 da 2019 da 2020, da abubuwan gidansu: zakarun faɗa, kifin faɗa, kunkurun teku. A nan Harbin ma ɗalibansu na makarantun koyon sana'a sun sha lashewa. Abin garinsu suke kawowa su faɗi da shi maganar da ta shafi kowa. Su ne maƙwabtanmu a fili, kuma da aka tafi da ni asibiti suka miƙo fitilarsu da magagarinsu ga mutanena uku, alhali su ma ba su gama ba. Allah Ya ƙara musu basira.

Tarun ba a sake liƙe shi ba. Shugabarmu ta hau tsani ta ƙara faɗaɗa tsagar, ta gyara bakinta, ta ce jirgin da aka yasar ba ya zama da lafiyayyen taru. A hoto na gani, kuma ya fi wanda muka zana a takarda kyau nesa ba kusa ba. Ba mu ci komai ba sai takardar shaidar halarta. Ɗan Lahore har ya fara maganar gasar Breckenridge ta Amurka, inda ake ba da dunƙule mai tan 25 kuma a hana amfani da kowane inji sai kayan hannu. Na ce ya bari in fara iya ɗaure maɓallin riga tukuna.

Sun hana ni kiran suna, to zan kira aiki.

Ɗan Zango, ɗan'uwana na Kumasi, kai ka goya ni zuwa mota, kai ka kwana a kujera, kai ka wanke mini abin da ba a faɗa. Hausarka da nake yi wa dariya ita ce ta riƙe ni a daren farko. Ɗan Lahore, kai ka riƙa yi mini alwala kana karanta mini darasin da ya wuce ni. Shugabarmu, ke kika tsaya tsakanina da likitoci kina fassara, kuma na lura akwai abin da kike sassautawa kafin ki gaya mini. Na gode da wannan ma. Mai gidan taliyar Lanzhou na bayan makaranta, wanda ya riƙa aiko romon naman sa ya ƙi karɓar ko kwabo. Dattawan masallacin Daowai, masallacin nan na Harbin da aka kafa tun 1897, da suka ga ba ni a sahu ranar Juma'a suka tambaya, suka zo da dabino da addu'a. Ma'aikaciyar jinyar dare mai waƙa ƙasa-ƙasa in tana canza bandeji. 'Yan'uwa ɗalibai na Najeriya da Nijar da Kamaru da Sudan da suka haɗa kuɗin magani kafin ma in san ana haɗawa. Allah Ya biya ku da abin da ya fi.

Hajiya, ke kam me zan ce. Awa bakwai ke tsakaninmu, amma duk lokacin da na farka cikin dare sai in tarar da muryarki ta riga ni. Na san kin yi azumi, na san kin yi sadaka da abin da ba ki da shi, Yaya ta gaya mini duk da kin hana ta. Allah Ya ja kwana, Ya ba ni ikon share miki wannan hawaye. Yaya, ke kika ɓoye mata hoton har aka samu labari mai daɗi, Allah Ya raya miki zuri'a. Malaman Islamiyyar unguwarmu da suka sa yara sauka, da abokan Baba na kasuwar kifi da suka je gida gaisuwa ba don an kira su ba, Allah Ya bar zumunci.

Na san WhatsApp na wahalar shiga a ƙasar nan. Amma tsohuwar da ba ta iya karatun boko ba ta samu hanya. Akwai na jini a Guangzhou, ƙasa ɗaya muke, agogo ɗaya muke dubawa, waɗanda in kaya za a duba musu ko fassara za a yi musu lambata ba ta ɓacewa. Wataƙila kasuwa ce ta yi yawa. Ban riƙe kowa ba, na dai gani.

Ya Allah, Kai Ka san waɗanda na ambata da waɗanda gajiya ta mantar da ni. Ka saka wa kowa gwargwadon niyyarsa, Ka ninka. Wanda ya yi mini addu'a a ɓoye, Ka amsa masa tasa a sarari. Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, musamman waɗanda ke kwance a ƙasar da ba su da kowa. Ka jiƙan mahaifina da iyayen duk wanda ya karanta wannan. Ka mayar wa mutanen bakin Tafki zaman lafiya da ruwa da kifi, Ka mayar da waɗanda suka gudu gidajensu. Ka tsare 'ya'yan mutane da ke karatu da neman halal a ƙasashen sanyi, Ka mayar da mu gaban iyayenmu da gaɓoɓinmu cikakku. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Masu neman hotunan jirgin, suna wajen Ɗan Zango, zai sa su a ƙasan wannan rubutu. Likita ya ce yatsun za su daɗe suna jin sanyi fiye da sauran, kada in bari su sake daskarewa, don haka sauran hunturun nan daga ɗaki sai aji. Mai son kira ya kira da safiyarku, lokacin nan yamma ta yi, na dawo daga wankin ciwo.