Muryar manomin Faransa a bakin Bahaushe

Shekara tara ke nan ina fassarar fina-finai daga Faransanci zuwa Hausa a nan Damagaram. Mu huɗu ne: ni mai fassara, yaro ɗaya a kan kwamfuta, sai masu sa murya biyu, mace da namiji. Ɗakin ɗaukar muryarmu bai wuce shago ba, mun lulluɓe bangonsa da soso da kwalin ƙwai. Ba ma ɗauka sai bayan isha'i, lokacin da ƙarar kabu-kabu ta lafa.

Aikin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Louise Violet, fim ɗin Éric Besnard na 2024. Wata ƙungiyar malamai ce ta samo izinin nuna shi a ƙauyuka, ta kawo mana. Labarin malama ce da gwamnati ta tura wani ƙauyen Faransa a 1889 ta buɗe makaranta, shekaru kaɗan bayan dokokin Jules Ferry, ministan ilimin Faransa na lokacin: ta 1881 da ta mayar da karatun firamare kyauta, da ta 1882 da ta wajabta shi ga ɗan shekara 6 zuwa 13, mace da namiji. Aka ba ta rumfar dabbobi a matsayin aji, ta zauna jiran ɗalibai, shiru, duk yaran suna gona.

Kalmar laïque kaɗai, wadda ake siffanta irin wannan makarantar da ita a Faransanci, ta ci mini kwana uku. In na ce "makarantar da ba ruwanta da addini", mai kallo zai ji kamar ta marasa addini ce, ya tashi ya kaɗe rigarsa. Alhali dokar 1882 ɗin ta ware rana guda a mako, ban da Lahadi, don iyaye su kai ƴaƴansu karatun addini a waje, kuma Alhamis aka saba warewa. Abin ya ba ni sha'awa, don ranar ce almajiranmu ke hutun allo. Daga ƙarshe na tsaya a kan "makarantar gwamnati, ba ta coci ba". Ta ɗan yi wa bakin Alexandra Lamy, wadda ta fito a malamar, tsawo, sai muka sa mai muryar ta fara tun kyamara na bayanta.

Inda muka yi gardama sosai kuwa wajen muryar manoman ne. Yaron da ke yi musu murya ya ɗauko salon ɗan ƙauyen wasan barkwanci, yana jan harshe, yana karkace baki. Na tsayar da ɗauka. Na ce masa, "Kai, mutumin nan ba wawa ba ne. Hannu biyu za a ɗauke masa daga gona ana tsakar aiki, kuma ba wanda zai biya shi." Na san maganar, don da kunnena na ji mahaifina ya tambayi mushen garinmu, wato malamin makaranta, wa zai kai awaki kiwo in an sa ni lakwal. Allah ya jiƙansa, ba ƙin ilimi yake ba, rumbu yake dubawa.

Muka goge aikin dare biyu muka sake. Wannan karon yaron ya yi maganar a hankali, da nauyi, kamar dattijo a gaban hakimi. Kuɗin man janareta na daren biyun daga aljihuna ya fita, ban kuma sa shi cikin lissafin ƙungiyar ba.