Bin sawun keken shanu daga Nebraska zuwa South Pass

Daga birnin Omaha na jihar Nebraska a Amurka na ɗauki motar haya, na hau babbar hanya mai lamba 80 na miƙi yamma. Nufina in bi wani yanki na hanyar Oregon, wadda ayarin masu ƙaura suka yi ta bi tun shekarun 1840 har jirgin ƙasa ya haɗe gabashi da yammacin Amurka a 1869. A kan wannan hanya aka gina labaran yara masu yawa da finafinan kaboyi: iyali sun tattara komatsansu a keken shanu, 'ya'yansu na biye, sun doshi ƙasar da ba su sani ba. Tsawon hanyar ya kai kusan kilomita 3,500, ana cinye ta cikin wata huɗu zuwa shida.

Zangon farko Fort Kearny, sansanin soja da aka kafa a 1848 kusa da kogin Platte. Kogin faɗi gare shi, ba zurfi, ruwansa duk laka. A wancan zamani itace ya yi ƙaranci a gaɓarsa, don haka aikin yara shi ne tsintar busasshen kashin ɓauna a buhu domin girkin dare, kamar yadda ake tsintar kashin shanu a karkararmu. Ana tona ɗan rami a hura wutar a ciki saboda iska. A nan ne kuma kwalara ta fi ɓarna, musamman a 1849 da 1850 da 1852. Dubban mutane suna sauka a zango ɗaya, suna haƙa rijiyoyi marasa zurfi dab da inda ake bahaya. Mutum ya tashi garau da safe, kafin dare an binne shi. Cuta ce ta kashe mafi yawan waɗanda suka mutu a hanyar, amma da wuya ka ga an ba ta muhimmanci a labarin yara.

A Ogallala na bar babbar hanyar na kama mai lamba 26. A Ash Hollow akwai gangaren Windlass Hill, inda ake ɗaure ƙafafun keke da sarƙa kada su juya, maza su riƙe igiya ta baya ana sassautawa a hankali. Har yanzu ana ganin kwarin da kekunan suka fara yankawa, ruwan sama ya ƙarasa. Gaba kaɗan sai Chimney Rock, dutse mai siririn tsini da ake hangowa tun daga nesa. A mota minti kaɗan ne, amma mai keken shanu yakan wuni ya kwana yana kallonsa bai iso ba.

A Scotts Bluff na tsaya na ƙare wa keken kallo, domin an ajiye kwatankwacinsa a fili. Akwatinsa bai wuce mita 3 da 'yan kai a tsawo ba, faɗi kuwa mita 1 da ɗan ɗori, an lanƙwasa sanduna an rufa tamfol. Kayan da yake ɗauka kusan tan ɗaya ne, kuma abinci ne ya cinye wurin. Littattafan jagora na lokacin suna ba da shawarar kowane baligi ya tanadi garin alkama kusan kilo 90, naman alade mai gishiri kusan kilo 70, sai sukari da gishiri da kofi. To ina wurin zama? Babu. Ga shi ba abin da ke rage girgiza. Shi ya sa kowa ƙafa yake takawa, har yara, sai jariri da maras lafiya. Mai jan shanun ma a gefensu yake tafiya da bulala, ba linzami.

An fi son shanu a kan dawaki don sun fi araha, ciyawa ta ishe su, kuma ɓarawo bai cika kwaɗayinsu ba. Biyu-biyu ake sa su a karkiya, huɗu ko shida kowane keke, su yi kilomita 20 zuwa 25 a wuni. Saboda ciyawar ne ake tashi a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu. Wanda ya yi gaggawa shanunsa su rame, wanda ya makara ƙanƙara ta tare shi a duwatsu. Ana rataya bokitin kitse da kwalta a baya don shafa wa sandar ƙafafu. Madarar safe kuma a rataya ta a bokiti mai murfi, girgizar hanya ta fitar da man shanu kafin yamma. Haɗarin da ya fi cin yara shi ne sauka ko hawa keke yana tafiya: riga ta maƙale, yaro ya faɗi, ƙafar keke ta bi ta kansa.

Na shiga jihar Wyoming na sauka Fort Laramie, wanda ya fara a matsayin wurin cinikin fatu a 1834, soja suka saye shi a 1849. A nan ya kamata mai rubuta labarin wannan hanya ya ji tsoron Allah. Labarai sun saba nuna mutanen Lakota da Cheyenne da Pawnee, ƙabilun 'yan asalin ƙasar, suna zagaye ayari da kibiya. Masanin tarihi John Unruh ya ƙirga cewa tsakanin 1840 da 1860 matafiya 362 ne 'yan asalin ƙasar suka kashe, su kuma matafiyan suka kashe musu mutum 426. Yawancin haɗuwarsu ciniki ne: takalman fata, nama, taimakon ƙetare kogi. Da'irar da ake yi da kekuna da dare ma garke ce ta tsare dabbobi. Ƙasar mutane ce aka ratsa, aka cinye ciyawarsu, aka sare itatuwansu, aka kore ɓaunar da suke rayuwa a kanta. Yaron Lakota da ke tsaye yana kallon wannan ayari shi ma yana da labarinsa.

Kusa da Guernsey na shiga sawun kekuna da ya ci dutse har zurfin mita ɗaya da rabi a wani wuri. Mutum na iya shafa bangon da hannu.

Bayan Casper, a hanya mai lamba 220, ƙasa ta bushe. Tafkunan wurin farin gishiri ya kewaye bakinsu, ruwan kanwa ne mai ƙarfi da ke kashe shanu in suka sha, ko da yake mata kan ɗebi farin garin su tayar da burodi. Bushewar iska tana sa katakon ƙafar keke ya tsuke, zoben ƙarfen da ke kewaye da shi ya subuce. Maganinsa a jiƙa ƙafar a kogi ta kwana, ko a cusa 'yan itatuwa a matse. Independence Rock ƙaton dutse ne a bakin kogin Sweetwater, jikinsa cike da sunayen da matafiya suka sassaƙa. Burin kowane madugu ya iso nan wajen 4 ga Yuli.

South Pass, mashigar da ake bi a ƙetare duwatsun Rocky a hanya mai lamba 28, ba matsatsin dutse ba ne. Fili ne mai faɗin kusan kilomita 30, a tudu sama da mita 2,200, hawansa a hankali har wasu ba sa sanin sun ƙetare. Daga nan ruwa ke gangarawa yamma, kuma ayari bai kai rabin tafiya ba tukuna. Mai zuwa ya cika tanki a Casper ko Lander, ya riƙe ruwan sha da rigar sanyi ko da bazara ce, ya kuma duba ƙasa kafin ya taka cikin ciyayi saboda macizai masu dafi.