Abin da na koya wajen tace dutsen fosfat na Dange

Fosfat ɗin da ake samu a yankin Dange da Shuni, kudu da birnin Sakkwato, ba ya zuwa a shimfiɗe kamar na Maroko. Dunƙule-dunƙule ne, wasu kamar ƙwan zabo, a binne cikin laka mai sheƙi wadda tsohon teku ya bari shekaru kusan miliyan 60 da suka wuce. Na yi aiki a kan fosfat ɗin a ɗakin gwaji, inda aka ba mu buhunan da masu haƙa suka tono da hannu, aka ce mu ɗaga darajarsa har ya kai yadda masu yin takin zamani ke so, wato sinadarin P2O5, wanda da shi ake auna yawan fosfat a dutse, ya kai kashi 30 cikin 100 ko ya ɗara.

Da wanki muka fara. Mu jiƙa shi ya kwana, mu zuba a ganga mai juyawa, duwatsun su gogi juna har lakar ta saki. Ruwan farko yakan fito da kauri, launin toka-toka, idan ka tsoma hannu sai ka ji santsi. Daga nan sai rariya: dunƙulen su tsaya a sama, laka ta wuce. A ganina wannan mataki mai arha shi ya yi mafi yawan aikin. Haka ake yi a Kpeme ta ƙasar Togo, inda suke wanke nasu da ruwan teku, sannan su ɗauraye da ruwan daɗi don gishiri ya fita.

Tacewa da kumfa ita ta fi ba mu wahala. Ana niƙa dutsen, a dama da ruwa, a zuba wani mai irin na sabulu wanda ke manne wa ƙwayar fosfat, a hura iska, kumfa ta ɗauko shi sama, yashi ya zauna ƙasa. Da yashi kaɗai ne da abin ya zo da sauƙi. To amma ragowar laka, ko kaɗan ce, shanye maganin take yi, kumfar ta fito a dagule. Ga kuma dutsen farar ƙasa, wanda shi da fosfat duk kalsiyam ke cikinsu, don haka maganin ba ya bambance su, tare suke tasowa.

Shi ya sa muka gwada gashi. A zafin digiri 900 ko kusa da haka farar ƙasar takan ƙone, idan aka zuba ruwa ta narke ta zama fari fat, a wanke ta. Yana aiki, sai dai yana cin makamashi, kuma gasasshen fosfat ba ya saurin narkewa a gona. Barin farar ƙasar ma asara ce, domin a masana'anta ita ke shanye ruwan batir da ake narkar da dutsen da shi.

Ƙarfe da alminiyam kuwa sukan shige cikin dunƙulen kansa, wanki ba ya kai musu. Matsalar da aka sani ke nan da fosfat ɗin Tawa a Nijar, wanda tsohon teku ɗaya ne ya bar shi da namu. Saboda haka yanzu duk buhun da ya zo hannuna, kafin in kunna inji sai na fasa dunƙule kaɗan, na ɗiga musu asid in ga ko za su tafasa, alamar akwai farar ƙasa a ciki, na kuma aika samfuri a auna ƙarfen da ke ciki.