Asabar, da tambayar da Ummi ta yi min

Ruwa tun asuba, bai tsagaita ba sai wajen azahar. Zuwa gidan Goggo ya fasu. Sai na ciro takardun shafa kala da Baban Ummi ya bugo musu a shagon kwamfuta, na zube musu a tabarma tare da gwangwanin fensira. Wannan karon na mutanen Baikin ne, mayaƙan teku na ƙasashen Nowe da Danmak da Suwidin. Zanen ya yi kyau, ba laifi: wani gajere mai kumatu, gemunsa a kitse, yana ta murmushi, wata yarinya da tunkiyarta, jirgin ruwa mai kan dodo, sai akwati shaƙe da tsabar kuɗi.

Da farko raha muka yi ta yi. Auta ya cafke mai gemu, wai ƙahonin hularsa zai yi wa ja. Na ce ya yi, amma ya sani su ba sa shiga yaƙi da hula mai ƙaho. Wadda aka tono a wata gona a Nowe a 1943 ta ƙarfe ce, mai zobban kare ido, ba ƙaho ko ɗaya. Masu zane da masu ɗinka kayan wasan kwaikwayo a Turai ne suka liƙa musu ƙahon a ƙarni na 19. Auta ya gama saurare tsaf, ya ce nasa saniya ce ta ara masa.

Ummi kuwa kun san halinta, ba ta shafa kala sai ta tabbatar. "Umma, garkuwoyin wane launi ne?" Wannan ina da amsarta. Jirgin da aka tono a Gokstad ta Nowe a 1880, garkuwoyinsa a jere suke a gefe, rawaya da baƙi, bi da bi. Babban ƙyallen da iska ke bugawa kuma da ulun tumaki suke saƙa shi. Rigar yarinyar na ce ta yi mata shuɗi, don suna da wani ganye da ke ba su rini irin wanda baba ke bayarwa a karofin Ƙofar Mata. Ta ji daɗin wannan sosai.

A kan akwatin nan ne hira ta juya. Ta ɗauki rawaya za ta yi zinariya, na ce azurfa ta fi yawa a hannunsu. Na ba ta labarin tsibirin Gotland na Suwidin, inda a 1999 aka tono azurfa kilo 67 a gona, a ciki har da tsabar kuɗi sama da 14,000, kusan dukkansu dirhami ne na ƙasashen Musulmi, da rubutun Larabci. Ta zaro ido. "Ashe sun san mu!" Na ce har wani malami, Ahmad ibn Fadlan, da Halifa Muƙtadir ya aika daga Bagadaza, ya gamu da 'yan kasuwarsu a bakin kogin Bolga a 922, ya rubuta cewa dogaye ne kamar itatuwan dabino.

"To me suka sayar aka ba su kuɗin?"

Na fara lissafa mata: fatu masu gashi, zuma, kakin zuma, takubba. Sai na yi shiru. Ta ɗago tana jira, don ta san ban ƙarasa ba. Na ce, "Da mutane, Ummi. Sukan kai hari gari, su kama mutane, su je su sayar."

"Har yara?"

"Har yara."

Ta ajiye fensir. Ta jawo takardar yarinya mai tunkiya, ta daɗe tana kallo. "Umma, wannan 'yarsu ce, ko kamo ta suka yi?"

Na ce mai zanen 'yarsu yake nufi. Ta ce, "Yaya aka yi kika sani?" Daga nan ba ta ƙara taɓa fensir ba, ta tashi ta shiga ɗaki.

Tun lokacin abin ke cin raina. Ina wanke-wanke ina tunanin tsibirin Lindisfan na Ingila, inda suka far wa gidan ibadar Kirista a 793, suka kashe na kashewa, suka tafi da na tafiya. Ina tunanin Dablin ta Ailan, da suka kafa sansani a 841 har ta zama babbar kasuwar bayi. Ishbiliya ta Andalus ma ba ta tsira ba, a 844 suka haura kogi suka shiga. Akwai kuma abin da ban faɗa mata ba, ba kuma zan faɗa ba sai ta girma: Ibn Fadlan da idonsa ya ga an kashe wata baiwa an ƙone ta cikin jirgi tare da gawar ubangidanta. Abin da ya fi yi min nauyi shi ne dirhamin nan da ta yi wa murna. Wani ne ya ƙirga shi ya miƙa, ya karɓi ɗan mutum. Masu sayen ba baƙinmu ba ne a addini, mu ma kuma garuruwanmu sun ci irin wannan kasuwa. Ba ni da bakin da zan nuna mata Turawan arewa na ce ga mugaye can.

Da Baban Ummi ya dawo na ba shi labari. Ya ce, "Ke ma dai. Takardar wasa na kawo musu, ba aji ba. Yarinya ƙarama za ki ɗora wa wannan?" Na ce ita ta tambaya, in ce mata me, daga sama kuɗin ya faɗo? Ya ce ai da na tsaya a kan zuma. Na ce in na tsaya a kan zuma yau, gobe ta karanta sauran a wani wuri, wa za ta ƙara tambaya? Ya ce tsoro kawai na sa mata.

Ban raina maganarsa ba, tausayinta ne. Kuma ba na so yaran su ɗauka mutanen nan ba su da komai sai gatari. Akasarinsu manoma ne da masunta. Mataji na ƙahon barewa yana cikin abubuwan da aka fi samu a kufansu, mutane ne masu kula da gashinsu. Sun iya sassaƙa jirgi ƙwarai, har suka taka gaɓar Kanada wajen shekara ta 1000, kusan ƙarni biyar kafin Kolombos ya isa yankin Amurka. Duk wannan gaskiya ne, ya kuma cancanci yaro ya shafa masa kala yana murna. Abin da ke damuna, wanda ya zana akwatin ya san yadda aka cika shi, ya zaɓi ya sa wa mai shi dariya har kunne.

Wuta ta zo da magariba, ta koma kafin isha'i. Tuwon shinkafa da miyar taushe. Auta ya manna mai ƙahonsa a ƙofar firij da ragowar tuwo, ban hana shi ba.

Na shiga tofa musu addu'a, ashe Ummi idonta biyu. "Umma, waɗanda aka kama, sun koma gida?" Na ce wasu danginsu sun fanshe su, da yawa kuma ba su koma ba. Na gaya mata masu binciken jini sun gano cewa yawancin matan farko da suka zauna a tsibirin Aislan asalinsu daga Ailan da Sikotlan ne, ana kuma kyautata zaton da dama cikinsu ba da son ransu aka kai su ba. Jikokinsu na nan har yau.

Ta ce, "To gobe ki nuna min Aislan ɗin a taswira." Na ce in Allah ya kai mu.