Godiya bayan kare kundina a Maraɗi

Alhamdulillahi, an gama. Tun da na fito daga zauren jami'a jikina bai dawo daidai ba, waɗanda ban ɗaga kiransu ba su yi haƙuri.

Kun san wahalar da aikin nan ya ba ni, wato binciken maganaɗisu a siririyar shimfiɗar sinadarin zinki oksaid da aka gauraya da ƙarfen kobal aka shafa a kan gilashi, ba sai na maimaita ba. Lokaci ɗaya ne ba zan manta ba. Ina tsaye gaban alƙalai, wani farfesa ya ce: "Wannan maganaɗisu da kake cewa ka gani a shimfiɗar zinki oksaid mai kobal, me ya tabbatar maka ba ƙurar ƙarfe ba ce?" Gwiwoyina suka yi sanyi. Tambayar tana kan hanya, domin tun shekarar 2000 da Tomasz Dietl da abokan aikinsa suka yi hasashen cewa zinki oksaid mai ƙarfen manganis zai iya riƙe maganaɗisu a zafin ɗaki, masana ke jayayya kan ko maganaɗisun da ake gani a irin waɗannan shimfiɗu nasu ne na gaske: wani lokaci kobal ne ya dunƙule wuri guda, wani lokaci hantsakin ƙarfe da aka ɗauki samfurin da shi ne ya bar ɓurɓushi. Shimfiɗar ba ta kai kaurin gashi ba ko kusa, ɗan datti kaɗan sai ya ruɗi na'ura.

Abin da ya cece ni, Baba mai kula da ɗakin gwaji ne. Shi ya ƙwace hantsakin ƙarfe ya miƙo mini na roba tun ranar farko, shi kuma ya nace a aika gilashi tsura, wanda ba a shafa masa komai ba, a auna shi tare da sauran. Wannan awon na nuna, don a ga ba daga datti maganaɗisun ya fito ba, farfesa ya gyaɗa kai. Baba, ba ka son a ambace ka, amma ka gafarce ni. Allah Ya saka maka da Aljanna, Ya raya maka zuri'a, Ya jiƙan mahaifanka.

Malamina da ya koya mini cewa daga binciken Albert Fert da Peter Grünberg na 1988 wannan fanni namu na juyin elektiron, wato amfani da ɗan maganaɗisun da ke tattare da ƙwayar lantarki, ya taso, Allah Ya ƙara girma. Gwaggo ta taso tun daga Tasawa da ciwon ƙafarta. Wasu ƴan'uwa kuwa da ke nan cikin gari, na yi ta duban ƙofa ban gan su ba. Allah Ya sa lafiya ce.

Inna, ke da kika sayar da tumakinki aka biya kuɗin aika samfura, Allah Ya ba ni ikon rama miki, Ya kai ki Makka da ranki da lafiyarki. Amin.