Rigar kariya a tekun Solent

Abokan aikina a birnin Southampton na ƙasar Ingila ba su da wata hira ranar Litinin sai ta teku, ni kuwa ina gefe ina saurare ba tare da na sa baki ba, har ɗaya daga cikinsu ya gayyace ni mu tsallaka mashigin tekun Solent zuwa tsibirin Wight a ƙaramin jirginsa mai tafiya da iska. Na amsa nan take, domin kaɗaicin ranakun hutu ya riga ya ishe ni.

Abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne tun kafin a kwance igiya. Mai jirgin ya tara mu, ya dube ni, ni kaɗai a cikin baƙinsa, ya tambaye ni ko na iya iyo, sannan ya durƙusa ya ɗaure mini maɗaurin rigar kariya wanda ke bi ta tsakanin cinyoyi, a gaban matarsa da 'ya'yansa, alhali ni magidanci ne mai iyali. Dalilinsa gaskiya ne, domin idan ba a ɗaure wannan maɗauri ba, rigar takan haye kan mutum da zarar ya faɗa ruwa. Amma har yau zuciyata ba ta daina tambayar abin da ya gani a jikina da ya sa ya ware ni ba.

Iya iyon ma ba shi ne abin dogaro a wannan teku ba. Ruwan da bai kai digiri 15 ba yakan ƙwace wa mutum numfashi a mintunan farko, ko da gwani ne, shi ya sa ƙungiyar ceto ta RNLI, wadda aka kafa a 1824 kuma yawancin masu fita ceto a cikinta 'yan sa-kai ne, take ba da shawarar mutum ya kwanta rigingine, ya ware hannuwa da ƙafafu, ya jira numfashinsa ya daidaita kafin ya yi wani yunƙuri.

Haushin ranar ne ya tura ni makarantar koyon tuƙi, ko da yake doka a nan ba ta tilasta wa mai ƙaramin jirgin shaƙatawa mallakar lasin tuƙi a teku ba. Yanzu ni ne nake tsara tafiyar tun da daddare. Nakan duba jadawalin cikar teku da janyewarsa, wanda ke juyawa kusan kowace awa 6, domin idan iska ta yi karo da jan ruwa, igiyoyi sukan miƙe tsaye. Nakan yi alama a taswira inda tudun yashin Bramble yake a tsakiyar Solent, da hanyar manyan jiragen dakon kaya waɗanda ba sa iya kauce wa kowa. Idan hasashen yanayi ya ce iska za ta kai mataki na 6 a ma'aunin ƙarfin iska na Beaufort, zama a gida ya fi. Oba-oba tana kan tasha ta 16, ta neman agaji, kuma akwai wanda muke bar wa saƙon inda za mu da lokacin dawowarmu, domin ya kira lambar gaggawa ta 999 ya nemi masu tsaron gaɓar teku idan ya ji shiru. Ina alfahari da wannan, sai dai babu nawa a kusa da zai taya ni.

Da na aika wa Inna hotona a kan jirgi, kirana ta yi, ta ce, "Ɗan nan, neman abinci ka je ko neman rigima? Ruwa ba sa'an kwando ba ne." Na yi mata bayanin duk shirin da muke yi, amma ina magana hankalina yana kan ƙanina, wanda yake tsallake kogi a kwalekwale cike maƙil da mutane da kaya, wani lokaci bayan magariba, da 'ya'yansa ƙanana, babu ko ɗaya mai rigar kariya. Na aika masa da riguna, ya yi dariya ya ce, "Yaya, so kake a ce na zama matsoraci?" Na kai ƙararsa wurin Inna, mun yi ta ja-in-ja a waya, daga ƙarshe ya yarda zai riƙa saka wa yaran, amma ya ce shi kam a ƙyale shi.