Samanja ne nawa, ku bar min shi

Duk lokacin da aka tayar da musun wane ne gwanin barkwanci a Arewa, yaran yanzu Ibro suke kawowa, kuma ban ga laifinsu ba tunda shi suka tarar. Amma wanda ya yi wayo zamanin da sai yamma ake buɗe tashar talabijin, gida ɗaya ne ko biyu ke da akwatin a layi gaba ɗaya, yara a cika tsakar gida kan tabarma ana ta addu'ar Allah kar a ɗauke wuta, to ya san akwai wasu kafin Ibro.

Ni dai Samanja ne nawa. Marigayi Usman Baba Pategi, Banufe ne ɗan gidan sarautar Pategi ta jihar Kwara, kuma abin da ya sa wasansa ya zauna daram shi ne sojan gaske ne, ya sa kaki ya yi aikin, ba aro ya yi ba. A rediyo aka fara jin sa a Kaduna kafin a gan shi a NTA cikin Samanja Mazan Fama. Hausar barikin nan tasa da yake cakuɗawa da Turancin soja, ya zaro ido gashin baki na rawa yana daka wa ƙananan sojoji tsawa kamar zai haɗiye su, sannan ya koma gida wajen matarsa Bariki duk zafin ya sauka, wallahi ko ba ka ji abin da ya ce ba sai ka dara. Babana Allah ya jiƙansa ba mai son wasan kwaikwayo ba ne, cewa yake ɓata lokaci ne, amma in Samanja ne sai ka ga ya gyara zama yana murmushi ƙasa-ƙasa wai don kar mu gani. Tsofaffin sojojin unguwarmu kuwa su suka fi kowa ƙyaƙyatawa, don kowa a cikinsu ya taɓa zama ƙarƙashin irin wannan samanjan. Samanja ya rasu a Nuwamban 2023.

Sai Kasimu Yero, wanda shi salonsa daban ne, mutum ne mai aji ko a barkwanci, daga Karambana har zuwa Magana Jari Ce, shi ma ya riga mu gidan gaskiya a 2017. Jos kuma ga Karkuzu na Bodara. Kowace tasha da nata mutanen, kuma ba su da wani kayan aiki, ɗaki ɗaya ne da kujeru da labule, sauran duk baki ne.

Kar a ce na rage wa Ibro daraja fa. Rabilu Musa, wato Ibro, ɗan Ɗanlasan ne a Kano, ya yi aikin gandiroba kafin ya koma fim kacokan, kuma shi ya fitar da barkwanci daga gidan talabijin ya kai shi kaset, har ya zama da sunansa kaɗai a bangon kaset an gama ciniki a shagon haya. Shi da Kulu da Yautai sun ba mu dariya har ciwon ciki. Inda nake rabuwa da shi kawai, da kasuwa ta buɗe sai finafinan suka yi yawa, wannan na bin wannan, wani ka kalla ka ga labarin bai wuce na minti goma ba an ja shi da waƙa da guje-guje. Duk da haka tun da ya rasu a Disambar 2014 ban ga wanda ya cike gurbinsa ba.

Abin da ke ci min rai shi ne finafinan Ibro kana shiga YouTube za ka same su tuli, amma na su Samanja sai ɗan guntu-guntu, hoto ya dushe murya na shaƙewa, wani ma daga tsakiya yake farawa. In akwai mai tsohon kaset a ajiye cikin akwatin tsohonsa, don Allah ya fito da shi a juya kafin ƙura ta gama cinye shi.